Sheila Sherlock

Sheila Patricia Violet Sherlock (31 ga Maris, 1918 – 30 ga Disamba, 2001) likita ce 'yar Birtaniya, ɗaya daga cikin waɗanda suka mayar da nazarin cututtukan hanta fanni mai zaman kansa.

Farkon rayuwa da karatu

An haife ta a Dublin, ta girma a Folkestone da ke Ingila. Makarantun likitanci da dama sun ƙi ɗaukar ta, a zamanin da guraben mata ba su da yawa. Jami'ar Edinburgh ta karɓe ta a 1936, ta kammala a 1941 tana ta ɗaya a ajinsu.

Aiki

A Asibitin Hammersmith da ke Landan ta ƙware wajen ɗebo ɗan tsokar hanta da allura don a duba shi a madubin likita. Wannan ya ba likitoci damar ganin kumburi, tabo ko kitse a hantar majiyyaci tun yana raye, ba tare da tiyata ba. A 1954 ita da abokan aikinta suka bayyana yadda gubar da ke fitowa daga hanji take kewaye hantar da ta lalace ta kai ƙwaƙwalwa, har majiyyaci ya rikice ko ya suma.

A 1955 ta wallafa littafinta Diseases of the Liver and Biliary System, wanda ya kai bugu na 11. A 1959 ta zama farfesa a Asibitin Royal Free, mace ta farko da ta riƙe kujerar farfesan likitanci a Birtaniya. Sashenta ya fara ne a ɗakin katako a saman rufin asibitin, inda ta horar da likitoci daga ƙasashe da dama.

Kitsen hanta

An daɗe ana danganta taruwar kitse a hanta da shan giya. Da irin wannan gwajin tsokar ne Jurgen Ludwig da abokansa a Amurka suka bayyana, a 1980, kumburin hanta mai kitse a jikin waɗanda ba mashaya ba, akasarinsu masu ƙiba ko ciwon suga.

Iyali da rasuwa

Ta auri likita Geraint James a 1951, suka haifi 'ya'ya mata biyu. An ba ta sarautar Dame a 1978. Ta rasu a Landan tana da shekara 83.