Charles de Foucauld: Sojan Faransa da ya bar dukiya ya koma zaman shiru a tsakiyar Hamada

A yammacin ranar 1 ga watan Disamban 1916, wasu mahara suka fizgo wani Bature mai shekara 58 daga ƙofar gidansa na ƙasa a Tamanrasset da ke kudancin Aljeriya. Suka ɗaure shi, suka bar wani yaro ɗan kimanin shekara 15 yana gadinsa. Da yaron ya hango sojoji biyu tafe a kan raƙuma, sai ya firgita ya harbe shi a ka.

Sunan Baturen Charles de Foucauld. Ya mutu ba shi da almajiri ko ɗaya, kuma ƙungiyar ibadar da ya shafe shekaru yana tsara wa dokoki ba ta samu wanda ya zauna a cikinta ba. Amma a yau Kiristoci da dama na kallonsa a matsayin ɗaya daga cikin manyan malaman natsuwa da kaɗaitaka domin Allah.

Maraya mai almubazzaranci

An haife shi ranar 15 ga watan Satumban 1858 a birnin Strasbourg na Faransa, a gidan masu hali. Yana ɗan shekara biyar iyayensa duka biyu suka rasu, kakansa na wajen uwa, wanda tsohon kanar ne, ya riƙe shi.

Tun yana matashi ya daina yarda da addini. Ya shiga makarantar sojoji ta Saint-Cyr a 1876, daga nan ya wuce ta sojojin doki a Saumur, inda ya zo na ƙarshe a ajinsu. Da kakansa ya rasu ya gaji dukiya mai yawa, ya shiga kashe ta a shagali da ciye-ciye.

An tura shi Aljeriya, aka dakatar da shi a 1881 saboda rashin ɗa'a. Ya dawo bakin aiki na ɗan lokaci, sannan ya ajiye kakin a 1882.

Abin da ya gani a Maroko

A 1883 ya shiga Maroko, wadda a lokacin akasarin cikinta a rufe take ga Turawa. Ya ɓad da kama ya zama kamar malamin Yahudawa, ya yi wata 11 yana yawo yana rubuta bayanan hanyoyi da duwatsu a wani ɗan littafi da yake ɓoyewa a tafin hannunsa. Aikin ya sa ƙungiyar masana labarin ƙasa ta birnin Paris ta ba shi lambar zinare a 1885.

Sai dai akwai abin da ya dawo da shi wanda ba ya cikin taswira. Ya ga yadda Musulmi ke dakatar da tafiya ko ciniki idan lokacin salla ya yi, su fuskanci alƙibla ko da a tsakiyar daji suke. Daga baya shi da kansa ya bayyana a wasiƙunsa cewa ganin hakan ya girgiza shi, ya sa ya fara tunanin akwai abin da ya fi hidimar duniya.

Da ya koma Paris sai ya riƙa shiga coci yana zama shiru, yana roƙon Allah Ya bayyana masa kanSa in har Yana nan. A ƙarshen watan Oktoban 1886 ya je wurin wani limamin Katolika mai suna Henri Huvelin domin ya yi masa tambayoyi. Limamin bai tsaya muhawara da shi ba, sai ya umarce shi ya durƙusa ya furta zunubansa. Daga ranar ce rayuwarsa ta juya.

Darasin Nazarat

A watan Janairun 1890 ya bar dukiyarsa ya shiga ɗarikar Trappist, 'yan zuhudun da aka sani da ƙarancin magana, da tashi cikin dare domin addu'a, da aikin hannu. Ya fara a Faransa, sannan ya koma wani gidansu na talakawa a Akbes, wanda a lokacin ke cikin yankin Siriya na Daular Usmaniyya.

Bayan shekara bakwai ya ga ko wannan bai ishe shi ba. A 1897 ya tafi Nazarat ya zama bara a gidan wasu mata masu zuhudu. Yana kwana a wata 'yar rumfar katako, yana shara da zuwa aike, sauran lokacin kuma yana zaune shiru a ɗakin ibada na sa'o'i.

A nan ne fahimtarsa ta zauna. Kiristoci sun yi imani cewa Yesu Almasihu ya yi wa'azi a fili na kimanin shekara uku ne kawai, bayan ya shafe wajen shekara 30 a Nazarat yana zaman talaka da ba wanda ya san da shi. A wurin Foucauld, waɗannan shekarun ba jira ba ne kawai, su ma ibada ce. Ya kuma lura cewa Linjila ta nuna Yesu ya yi kwana 40 a jeji kafin ya fara koyarwa, kuma yakan janye daga taron jama'a ya yi addu'a shi kaɗai.

Don haka ya ɗauki shiru a matsayin hanyar kwashe hayaniya daga zuciya, har mutum ya iya jin Ubangijinsa, ya kuma iya jin maƙwabcinsa.

Zama da Abzinawa

An naɗa shi limami a watan Yunin 1901, ya koma Aljeriya ya zauna a Beni Abbes. A can ya fanshi wasu bayi, ya kuma yi ta rubuta wasiƙu yana sukar yadda hukumomin Faransa suka kau da kai daga bauta.

A 1905 ya gangara Tamanrasset, garin da matafiyan da ke bin hanyar Agadas da Arlit zuwa Aljeriya suka sani sarai. A lokacin ƙauye ne mai gidaje kusan 20. Ya gina ɗan siririn ɗaki, ya ƙulla abota da sarkin Abzinawan yankin, Musa ag Amastan. Mutanen wurin suka riƙa kiransa marabu.

Bai yi wa'azi a kasuwa ba. Ya zaɓi ya zauna ya saurara. Ya shafe sama da shekara goma yana koyon harshen Tamashek, yana rubuta waƙoƙi da karin magana daga bakin maza da mata. Ya tattara baitoci kusan 6,000, ya kuma haɗa ƙamus na Tamashek da Faransanci mai juzu'i huɗu da shafi sama da 2,000, wanda masana ke amfani da shi har yau.

Lokacin da komai ya tsaya

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a ƙarshen 1907. Fari ya addabi yankin, ya rabar da abincin da ya tanada. Wasiƙu suka daina zuwa. Ya yi Kirsimeti ba tare da gudanar da babbar ibadar Katolika ba, domin dokar cocin a lokacin ba ta yarda limami ya yi ta shi kaɗai ba.

A watan Janairun 1908 ya kwanta ciwo har ya fid da rai. Abzinawa Musulmi, waɗanda su ma yunwa ke ci, suka bi yankin suna neman awakin da ke da sauran nono, suka riƙa kawo masa har ya miƙe.

Masu rubuta tarihinsa na ɗaukar wannan a matsayin juyi na biyu a rayuwarsa. Mutumin da ya zo da niyyar bayarwa, sai da ciwo ya kwantar da shi sannan ya koyi karɓa daga hannun waɗanda ya zo taimaka wa.

A 1911 ya yi watanni a wani ɗakin dutse da ya gina a kan tsaunin Assekrem, mai tsawon sama da mita 2,700.

Ce-ce-ku-ce

Tarihinsa bai rasa tabo ba. Foucauld ya goyi bayan mulkin mallakar Faransa, aminin babban hafsan soji Henri Laperrine ne, kuma yakan aika wa sojoji bayanai kan halin da yankin ke ciki. Wannan ya sa wasu masana, musamman a Aljeriya, ke ganin ba za a raba zuhudunsa da mamayar ba.

An kashe shi ne a daidai lokacin da boren ƙin jinin Faransa mai alaƙa da 'yan Sanusiyya ya bazu a Hamada. A cikin watan ne dakarun Kawusan suka yi wa sansanin Faransa da ke Agadas ƙawanya.

Bayan mutuwarsa

Littafin tarihinsa da marubuci René Bazin ya fitar a 1921 ne ya sanar da duniya labarinsa. A 1933 aka kafa ƙungiyar Ƙananan 'Yan'uwan Yesu ta maza, a 1939 kuma ta mata. Tsarinsu shi ne su zauna cikin talakawa, su yi aikin da talakawa ke yi, su kuma ware lokacin addu'a cikin shiru kowace rana.

Fafaroma Francis ya ayyana shi a matsayin waliyyi ranar 15 ga watan Mayun 2022, shekara 105 bayan kashe shi. Kabarinsa na kusa da garin El Meniaa a Aljeriya.