Muhammad al-Kashinawi: Bakatsinen da malaman Masar suka ɗauki ilmin hisabi a wurinsa

A shekarar 1154 bayan Hijira, daidai da 1741, Allah Ya yi wa wani baƙon malami rasuwa a birnin Alƙahira, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti. Mai masaukin nasa ya yi masa sutura, ya kuma karɓi littattafan da ya bar masa. Baƙon shi ne Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wato Bafulatani mutumin Katsina.

Ya tashi a zamanin da Katsina take matattarar fatake da malamai. Daga cikin waɗanda ya yi karatu a hannunsu akwai Shaihu Muhammad al-Wali na ƙasar Bagarmi. Bayan ilmin addini da nahawu, ya zurfafa a hisabi da ilmin taurari da sirrin haruffa, fannonin da a wancan lokaci ake karanta su tare. Wajen 1730 ya tafi aikin Hajji, daga bisani ya zauna a Masar. Hasan al-Jabarti, wanda shi kansa gwani ne a ilmin falaki, ya ɗauki karatu a wurinsa. Ɗan Hasan ɗin, Abdurrahman al-Jabarti, mashahurin marubucin tarihin Masar, ya sanya shi cikin manyan malaman da ya ba da tarihinsu.

Littafinsa Bahjat al-Afaq, na 1732, ya yi bayanin hanyoyin cika hatimi mai gidaje uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai da makamantansu. Jama'a sun fi sanin hatimi a allo da laya, amma gininsa lissafi ne tsantsa. A ƙaraminsa ana jera 1 zuwa 9: sahun sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ko ta ina aka tara, a kwance ko a tsaye ko kusurwa zuwa kusurwa, jimla 15 ce.

A nan aikinsa yake haɗuwa da darasin da ke wahalar da 'yan sakandare a yau, wato lissafin da adadin da ake nema yake bayyana a ɓangarori biyu. A ɗauka an goge 2 da 6 daga hatimin. Sahun sama ya zama 4 da 9 da wani ɓoyayyen adadi. Jerin dama kuwa ya zama wannan ɓoyayyen adadin, da 7, da wani na biyu. Tunda jimlarsu ɗaya ce, sai a cire ɓoyayyen farko daga kowane ɓangare. Abin da ya rage: 13 daidai yake da 7 haɗe da na biyun, wanda ke nufin 6 ne. Wannan ita ce dabarar muƙabala da al-Khwarizmi ya tsara a Bagadaza a ƙarni na 9, cikin littafin da kalmar aljabara ta samo asali daga sunansa. Mai awon hatsi a kasuwar Sabon Garin Zariya ya san ta a aikace: in ka rage abu guda daga kowane gefen sikeli, ma'auni ba ya karkata.

Al-Kashinawi ya san cewa mai koyo yakan gaji. Ya gargaɗi almajirai kada su karaya idan hatimi ya ƙi cika, domin fannin ba ya buɗewa sai ga mai naci da maimaitawa.

Bai koma Katsina ba. A Alƙahira kabarinsa yake. Ɗalibai da yawa a Samaru da sauran garuruwanmu suna kammala karatu ba su taɓa jin sunansa ba, wasu iyaye kuma har yanzu suna kallon lissafi a matsayin kayan aro da boko ya zo da shi. Alhali tun fiye da shekara 160 kafin Turawa su ci ƙasar Hausa, wani Bakatsine yana koyar da shi a Masar. Ya dace malaman lissafi su riƙa ambatonsa a aji.