Willa Brown: Malamar da ta riƙe sifana kafin ta tuƙa jirgi

'Yan'uwa mata, a wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun kawo muku tarihin Willa Brown, wata baƙar fata 'yar Amurka da ta kutsa cikin sana'ar da a zamaninta ake ganin ta maza ce, mazan ma farare.

An haife ta a 1906 a jihar Kentucky. Ta yi karatun malanta a Indiana, ta koyar na wasu shekaru, sannan ta koma birnin Chicago. A lokacin nan yawancin makarantun koyon tuƙin jirgi ba sa karɓar baƙi. Ko Bessie Coleman da ta riga ta, sai da ta tafi Faransa kafin ta sami lasisi a 1921.

Willa ba ta yi gaggawar hawa sama ba. Ta fara ne da cikin injin, da baƙin mai a hannu, har ta karɓi takardar ƙwarewa a kanikancin jirgi a 1935. Sai a 1938 ta sami lasisin tuƙi, ita ce mace baƙar fata ta farko da ta same shi a cikin Amurka.

To, ga inda labarin ya shafe mu. Ba ta tsaya kan kanta kaɗai ba. Ita da mijinta Cornelius Coffey, wanda shi ma bakanike ne kuma matuƙi, suka buɗe makaranta a wani ƙaramin filin jirgi a gefen Chicago, suna koyar da baƙi tuƙi da gyaran jirgi. Suka kuma haɗa kai da wasu suka kafa ƙungiyar matuƙa baƙaƙe, suka yi ta matsa wa gwamnati lamba har aka sa baƙi cikin shirin horar da matuƙa. Da yawa daga ɗalibanta sun shiga rundunar Tuskegee da ta yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 aka ba da umarnin kawo ƙarshen wariyar launin fata a rundunar sojan Amurka.

Ba duk abin da ta nema ta samu ba. Ta tsaya takarar majalisar dokoki ta ƙasa a 1946, ta faɗi. Daga baya ta koma aji, ta koyar har ta yi ritaya a 1971. Ta rasu a 1992, tana da shekara 86.

Har yau mata kaɗan ne a sana'ar gyaran jirgi, alhali kwalejin jiragen sama ta Zariya tana koyar da ita. Don haka in kina da 'ya mai son kwance keken ɗinki ko leƙa cikin janareta, don Allah kar ki kore ta. Ki tambaye ta me ta gano.