Yunfa, Sarkin Gobir Na Ƙarshe A Alkalawa

Duk wanda ya yi firamare a cikinmu ya san sunan Yunfa, kuma yawancinmu a matsayin mugun sarki muka haddace shi. Shi ɗan Sarkin Gobir Nafata ne. Ya gaji ubansa wajen shekarar 1802 a Alkalawa, birnin da Gobirawa suka mayar gidan sarautarsu bayan sun ci Zamfara da yaƙi. Ana cewa ya yi karatu a gaban Shehu Usman Ɗanfodiyo yana yaro.

Ƙasar da ya gada ta riga ta rabu biyu. Jama'ar Shehu a Degel ta yi yawa har ta fi ƙarfin fada. Dokar nan da ta hana rawani da lulluɓi, ta kuma hana mutum barin addinin iyayensa, Nafata ne ya kafa ta, ko da yake sau da yawa a wuyan Yunfa ake rataya ta. Amma harin Gimbana, inda aka kama mutanen Abdussalami bayi, wannan kam aikin dakarun Yunfa ne, ba mu wanke shi ba.

A watan Fabrairu 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu. A watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto, Yunfa ya sha kashi. Ba a cika gaya wa yara cewa kafin shekarar ta fita Gobirawa sun rama a Tsuntsuwa ba, inda aka yi wa jama'ar Shehu mummunar ɓarna. Shekara huɗu Alkalawa tana tsaye. Sai a Oktoba 1808 rundunar Muhammadu Bello ta shiga birnin, aka kashe Yunfa.

To, daga bakin wa muka ji labarinsa? Daga Infakul Maisuri na Bello, wanda ya ci shi, da Tazyinul Waraƙat na Abdullahi, ƙanen Shehu. Manyan malamai ne, amma abokan gabarsa ne. Ta ɓangarensu muka samu labarin bindigar da ya auna Shehu da ita ta juyo ta ƙone shi. Su ne kuma suka kira shi kafiri, alhali fadar Gobir tana ɗaukar kanta ta Musulmi. Tun a lokacin Shehu Al-Kanemi na Borno ya rubuta wa Bello yana ƙalubalantar kafirta masu salla.

Kada mu ce halin wasu ne, 'yan'uwa, mu ma muna da namu. A shekarar 312 Kustantin ya ci Sarkin Roma Maksentiyus a gadar Milbiya, Maksentiyus ya nitse a kogin Taiba. Bishop Yusebiyus, uban tarihin Ikilisiya, ya kwatanta shi da Fir'auna a cikin teku, ga shi kuwa mutumin nan ya dakatar da tsananta wa Kirista a ƙasarsa tun kafin yaƙin. Har babban zauren da ya gina a Roma aka laƙaba wa sunan Kustantin.

Gobirawa dai ba su ƙare da Yunfa ba. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836 sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani reshe ya kafa Sabon Birni. A garuruwan nan biyu ana lissafa Yunfa cikin jerin sarakunan gidan, kakan da ya mutu a birninsa. Alkalawa kuwa ta zama kufai.