Wanyan Shiyin, Wazirin Da Ya Ƙaga Wa Jurcenawa Rubutu

Can a dazuzzukan Mancuriya, arewa maso gabas da ƙasar Sin, an yi wata al'umma mai suna Jurcenawa, waɗanda sana'arsu ita ce farauta da noma da kiwon dawaki. A farkon ƙarni na 12 suna ƙarƙashin Kitanawa masu daular Liyawo, suna kai musu gaisuwa ta dole. Harshensu kuwa a baki kawai yake, ba su da haruffan rubuta shi. Mutumin da ya share musu wannan hawaye shi ne Wanyan Shiyin, wanda mutanensa suka fi sani da suna Gushen.

Shiyin ɗan gidan sarauta ne na zuriyar Wanyan. Ubansa Huwandu babban barde ne, amini kuma ga mahaifin Aguda, shugaban Jurcenawa. Da Aguda ya yi wa Kitanawa tawaye cikin 1114, ya kuma kafa daular Jin, watau Zinariya, cikin 1115, Shiyin yana daga cikin mashawartansa na kurkusa. Saboda kaifin basirarsa mutane suka yi masa laƙabi da shanman, watau boka a harshensu, kamar yadda marubutan daular Sung ta Sinawa suka ba da labari.

To, sabuwar daula ba ta tafiya sai da takarda. Akwai haraji, akwai dokoki, akwai wasiƙu zuwa ga sarakunan maƙwabta, ga shi kuwa duk sai an nemi magatakarda masu rubutun Kitanawa, mutanen da ake yaƙi da su. Don haka Aguda ya umarci Shiyin da ya ƙaga wa harshen Jurcen rubutu. Ya dubi fasalin rubutun Sinawa da na Kitanawa, ya tsara alamomi, waɗansu suna tsayawa a madadin kalma sukutum, ya kammala aikin cikin 1119. Sarki ya yi murna ƙwarai, ya ba shi tukuicin doki da tufafi, ya sa a yi ta koyar da rubutun.

Alƙalami bai hana shi riƙon takobi ba. Ya yi yaƙi tare da babban kwamanda Niyanhan har daular Liyawo ta faɗi cikin 1125, sa'an nan yana cikin rundunar da ta ci Kaifeng, babban birnin Sung, cikin 1127. An ce sa'ad da sauran manyan mayaƙa ke rububin zinariya da siliki, shi littattafai ya sa aka tattara masa. Har ila yau da aka tsare Hong Hawo, jakadan Sung, a hannun Shiyin ya zauna shekara da shekaru yana karantar da 'ya'yansa.

Da Hela ya hau gadon sarauta cikin 1135, yana yaro, aka naɗa Shiyin waziri. Amma fada ta cika da ƙulle-ƙulle na 'ya'yan sarki. Aka tuɓe shi cikin 1138, aka mayar da shi cikin 1139, ya taimaka wajen karya waɗansu manyan 'yan sarki da aka zarga da neman juyin mulki. Daga bisani sai ya sami saɓani da Wuju, ɗan Aguda, wanda sojoji ke hannunsa. Aka kai sukarsa wurin sarki cewa yana tsoma baki cikin zancen gadon sarauta, aka kashe shi cikin 1140 tare da 'ya'yansa biyu. Cikin 1143 sarkin ya gane ba shi da laifi, ya mayar masa da darajarsa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Aikinsa ya daɗe bayansa. Sarki Wulu, wanda ya yi mulki daga 1161 zuwa 1189, ya lura Jurcenawa suna barin harshensu suna komawa Sinanci, sai ya sa aka fassara manyan littattafan Sinawa, aka kuma buɗe jarrabawar shiga aikin gwamnati da harshen Jurcen cikin 1173. Cikin 1194 aka gina ɗakin tunawa da Shiyin a tsohon babban birnin daular.

Mongolawa suka rushe daular Jin cikin 1234, amma rubutun bai mutu nan take ba, gama akwai shi a jikin wani dutse da aka kafa cikin 1413 kusa da bakin kogin Amur. Sannu a hankali masu karanta shi suka ƙare. Cikin 1599 Nurhaci ya sa aka tsara wa Jurcenawa sabon rubutu daga haruffan Mongolawa, cikin 1635 kuma ɗansa Hong Taiji ya sauya sunan al'ummar zuwa Mancu. Sai cikin 1896 wani masani Bajamushe, Wilhelm Grube, ya buɗe hanyar sake karanta tsohon rubutun da taimakon wani ƙamus na zamanin daular Ming. Cikin 1973 kuwa aka tsinci waɗansu tsofaffin takardu a birnin Shi'an, waɗanda masana ke ɗauka kwafe ne da wani ɗalibi ya yi daga littafin koyon rubutu na Shiyin.