UMARU GANDA: MAI MURYA BIYU

An haifi marigayi Umaru Ganda a birnin Yamai cikin shekara ta 1935. Bazabarme ne, kuma ya yi karatun firamare, inda ya koyi Faransanci. Waɗannan harsuna biyu su ne jarin da ya yi aikin rayuwarsa da su.

Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa. Aka ɗauke shi zuwa ƙasar Indocin, wadda wani sashenta shi ne Biyetnam ta yau, ya yi wajen shekara biyu a fagen yaƙin da ba na ƙasarsa ba. Da ya komo gida bai sami aiki ba. Sai ya bi hanyar da samarin Kurfai, na Filinge da na Sanam, suka sani sarai, wato hanyar cin rani zuwa bakin teku. Ya sauka Abijan, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, yana kwana a unguwar Tireshibil tare da sauran baƙi ƴan Nijar.

A can ne ya gamu da Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ke bincike a kan ƴan cin rani. Da fari Rouch ya ɗauke shi aikin ƙididdigar baƙi, daga baya ya sa shi cikin fim ɗinsa mai suna Moi, un Noir, wato Ni Baƙar Fata, wanda ya fito a 1958. Ganda ya fito da laƙabin Edward G. Robinson, sunan wani ɗan wasan Amurka, kamar yadda samarin unguwar suka saba ara wa kansu sunayen jarumawan silima.

Injin da aka ɗauki hotunan da shi ba ya kama murya. Saboda haka sai bayan an gama ɗauka aka zaunar da Ganda gaban majigi, yana kallon kansa yana magana. Ba a rubuta masa abin da zai ce ba. Da Faransancin ƴan dako ya bayyana nauyin buhu, da ƙarancin lada, da burin mallakar mota da gida. Kusa da ƙarshen fim ɗin an gan shi yana tafiya bakin ruwa tare da wani yaro, yana ba shi labarin yaƙin Indocin, yana faɗuwa ƙasa yana tashi kamar mai kauce wa harsashi. Fim ɗin ya sami kyautar Louis Delluc ta 1958, kuma matasan masu shirya fim a Faransa sun koyi abubuwa da dama daga gare shi. Sai dai muryar ta Ganda ce, amma fim ɗin na Rouch ne: shi ya zaɓi abin da za a nuna, shi ya yanke abin da za a bari.

Da Ganda ya komo Yamai, sai ya shiga ƙungiyar masu koyon aikin silima ta gidan raya al'adu na Faransa da Nijar. Can ya koyi riƙon inji da harhaɗa hotuna. A 1969 duniya ta ga fim ɗinsa na fari, Cabascabo, wanda shi ya tsara shi, shi ne kuma babban ɗan wasa a ciki, tare da Zalika Sule. Labarin tsohon soja ne da ya komo daga Indocin da kuɗi, abokai da maroƙa suka taya shi cinye su, sannan suka watse. Tarihinsa ne ya sake bayarwa, amma wannan karo da Zabarmanci, a kan ƙasarsa, ba mai yanke masa magana. An nuna fim ɗin a birnin Kan na Faransa, ya kuma sami kyauta a Mosko cikin wannan shekara.

Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, ya taɓo maganar auren dole da kishi: wani alhaji mai dukiya ya ɗauki yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawarinta, abin ya ƙare da zubar da jini. A 1972 wannan fim ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu, kuma shi ne na farko da aka taɓa ba wa ita. Sannan Saïtane ya biyo, a kan malaman tsibbu masu cin dukiyar mutane da ƙarya. Na ƙarshe shi ne L'Exilé, a 1980, wanda aka gina bisa tatsuniya a kan girman cika alkawari.

Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, yana da shekara 45. An sa sunansa ga babban gidan al'adu na Yamai, haka kuma bikin FESPACO ya sa sunansa ga kyautar da ake ba mai shirya fim a kan aikinsa na fari. Da Faransanci aka fara jin muryarsa a waje, da harshen gida ya gaya wa mutanensa gaskiya. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.