John Paul Jones: Gwarzon da Amurka ta manta da kabarinsa shekara 113

A shekarar 1905, masu haƙa a ƙarƙashin wasu gine-gine na birnin Paris suka ci karo da wani akwatin gawa na darma. Jakadan Amurka a Faransa, Horace Porter, ya shafe shekara shida yana neman wannan akwati. Gawar da ke ciki ta John Paul Jones ce, mutumin da ya kai wa Birtaniya yaƙi har bakin gaɓarta a zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska.

An haife shi ranar 6 ga Yuli, 1747 a Scotland, ɗan mai kula da lambu, kuma sunansa na asali John Paul. Yana ɗan shekara 13 ya fara aikin jirgin ruwa daga tashar Whitehaven ta Ingila. Ya yi aiki a jiragen fataucin bayi biyu, King George da Two Friends, masu kwasar mutane daga gaɓar Afirka. Ya bar wannan sana'a a 1768, ya zama kyaftin yana da shekara 21.

A 1773, a tsibirin Tobago, rikicin albashi ya ɓarke tsakaninsa da ma'aikatan jirginsa, ya kashe ɗaya daga cikinsu da takobi. Bai tsaya shari'a ba. Ya tsere zuwa Amurka, ya ƙara Jones a sunansa.

Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya kankama, sabuwar rundunar ruwanta ta ba shi muƙamin laftanar a Disamban 1775. A Afrilun 1778 ya kai samame Whitehaven, garin da ya koyi sana'a, sannan ya kama jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Drake. Ɓarnar samamen ba ta taka kara ta karya ba, amma ta tayar da hankalin Ingilawa, jaridunsu suka riƙa kiransa ɗan fashin teku.

Ranar 23 ga Satumba, 1779 sunansa ya shiga tarihi. A kusa da Flamborough Head, tsohon jirginsa Bonhomme Richard ya yi arangama da Serapis na Birtaniya, wanda ya fi shi ƙarfin igwa. Da Jones ya ga ba zai iya musayar wuta daga nesa ba, sai ya ɗaure jiragen biyu da igiyoyi, aka yi gaba da gaba sama da awa uku. Jirginsa na cin wuta, ruwa na shigarsa, amma ya ƙi miƙa wuya. Wani gurneti da aka jefa daga sama ya tayar da albarusan Serapis, daga ƙarshe Kyaftin Richard Pearson ya sallama.

Nasarar ta yi tsada. Kusan rabin mutanen jiragen biyu sun mutu ko sun jikkata, Bonhomme Richard ya nitse bayan kwana biyu, ayarin jiragen 'yan kasuwa da Pearson ke rakiya kuma ya tsira. Duk da haka Sarkin Faransa Louis na 16 ya ba Jones takobi mai adon zinariya, Majalisar Amurka kuma ta amince da ba shi lambar zinariya a 1787.

Lambar yabo ba ta ciyar da soja. Tun a 1782 aka miƙa wa Faransa babban jirgin da aka yi masa alkawarin jagoranta, bayan yaƙi kuma Amurka ta sayar da jiragenta, ta sallami rundunar. Jones ya ɓata shekaru yana bin kuɗin ganimar da shi da mutanensa suka kamo. An ci moriyar ganga, an yada kwaurenta.

A 1788 ya koma yi wa Sarauniya Catherine ta Rasha aiki, ya yaƙi Daular Usmaniyya a Baƙin Teku. A 1789 aka zarge shi da yi wa wata yarinya fyaɗe a St. Petersburg. Ya musanta, ba a kai ga yanke hukunci ba, ya bar ƙasar cikin zubewar mutunci. Ya mutu shi kaɗai a ɗakinsa a Paris ranar 18 ga Yuli, 1792, yana da shekara 45. Wani Bafaranshe ne ya biya kuɗin jana'izarsa. Daga baya aka rufe maƙabartar, aka yi gine-gine a kanta.

Lokacin da aka gano gawar, Shugaba Theodore Roosevelt na fafutukar gina babbar rundunar ruwa, yana kuma buƙatar gwarzon da zai nuna wa majalisa da jama'a. Ya aika da jiragen yaƙi suka ɗauko ta, ya yi jawabi a bikin karrama Jones a Annapolis a 1906. A 1913 aka sanya gawar cikin kabarin marmara a cocin Kwalejin Sojan Ruwa, inda take har yau.

Ƙasar da ta bar Jones yana yawon neman haƙƙinsa da ransa, ita ce ta aika jiragen yaƙi ɗauko gawarsa ranar da sunansa ya yi wa siyasarta amfani.